Alewar madara ɗaya a rana ba za ta hana ki rage ƙiba ba

'Yar'uwa, kin tambaya ko alewar madarar da kike sha kullum bayan abincin rana za ta ɓata miki ƙoƙarin rage ƙiba. Ba za ta ɓata ba, in dai ɗaya ɗin ce, kuma kin sa ta cikin lissafin abincinki na yini. Jiki yana ragewa ne idan abin da kike ci bai kai abin da yake ƙonawa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) da mutum ke samu a yini, wato kamar gram 50, ƙaramin cokali 12 ga mai cin kalori 2,000. Alewarki ba ta kusa da haka.

Inda nake ji miki tsoro shi ne abin sha. Shayi mai madarar gwangwani, zoɓo mai zaƙi, lemon kwalba, duk suna wucewa ba ki ji kin ƙoshi ba. Sai kuma mai: babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120, to ki duba nawa ke shiga miya da suyar ƙosai.

Ni da na haramta wa kaina zaƙi gabaki ɗaya, ban kai mako biyu ba na koma na ci fiye da da. Ki riƙa sayen ɗaya-ɗaya, kada ki ajiye leda guda a ɗaki. Amma in kina da ciwon suga, ki fara jin ta bakin likitanki.