Tsufa ya kama ni, ya halatta in roƙi Allah ya ɗauki raina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 74. Gwiwoyina sun ƙi, yanzu a zaune nake salla, azumin bara ma likita ya hana ni saboda ciwon suga. Idona ɗaya ya yi yana, sa'o'ina kuma duk sun riga mu gidan gaskiya. Bayan salla nakan ce, "Allah ka ɗauke ni in huta." Jikana ya ce ba kyau. Mene ne hukuncinsa? Kuma ladan sallata ya ragu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Jikanka ya faɗi gaskiya. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Annabi (SAW) ya hana mutum fatan mutuwa saboda wata cuta da ta same shi. Ya ce in ma ya zama dole, to ya ce: "Ya Allah ka raya ni matuƙar rayuwa ce ta fi mini alheri, ka ɗauki raina in mutuwa ce ta fi mini alheri." Wannan addu'ar za ka riƙe a maimakon waccan. Malamai sun yi sassauci ga wanda yake tsoron fitina a addininsa kawai, ciwon gwiwa da kaɗaici ba su shiga ciki ba.

Shi kansa Anas ya san abin da kake ji. Ya rayu kusan shekara 100, ya ga mutuwar 'ya'yansa da yawa a Basra, har ya ce ba don ya ji Annabi ya hana fatan mutuwa ba, da ya yi. Dalilin hanin ya zo a hadisin Abu Huraira: mai aikin kirki ƙila ya ƙara, mai saɓo ƙila ya tuba. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa mafi alherin mutane shi ne wanda ya yi tsawon rai, aikinsa ya yi kyau.

Ladanka bai ragu ba. Imrana ɗan Husaini ya yi fama da basir, Annabi ya ce masa ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kwance ta gefe. A hadisin Abu Musa kuwa, bawa in ya yi rashin lafiya ana rubuta masa abin da ya saba yi lokacin da yake lafiya. Sai dai a kula: in kana iya tsayuwa, sujada ce ta gagara, to ka tsaya a farilla, in an zo sujada ka zauna ka yi nuni. Mutane da yawa suna zama kan kujera tun daga kabbara alhali ƙafarsu na ɗaukarsu, wannan kuskure ne.

Azumi kuma, tunda likita ya hana, ka sha abinka. In ba a sa ran ka iya ramawa, Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta ce mustahabbi ne tsoho ya ciyar da mudu ɗaya kowace rana. Mudun Annabi ake nufi, cikin tafi biyu, ba mudun kasuwa ba.

Inda nake so ka tsaya da kyau shi ne hadisin Usama ɗan Sharik a Abu Dawuda: a nemi magani, Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta, ban da tsufa. To mu mun ɗauki komai mun jibga wa tsufa. Yanar ido ba a barinta, ɗan ƙaramin aiki ne a asibitin ido, kuma da yawa suna komawa karatun Alƙur'ani bayansa. Suga da hawan jini ana riƙe su da magani da kula da abinci. Gwiwa ma zama wuri ɗaya yana ƙara sandarar da ita, don haka ɗan tattakin zuwa masallaci, ko da sanda ne, kada ka bari, ga jam'i ga gaisawa da jama'a. In kuma ƙuncin ran ya kai ga hana ka barci ko cin abinci, ka gaya wa likita, shi ma ciwo ne mai magani.

'Ya'yanka su karanta wannan amsar, domin kai ka asibitin ido yana cikin haƙƙinka a kansu.

Allah ne mafi sani.