Fuskar 'yar wani ba ta sayuwa a kasuwa

Wani matashi ya aiko daga Garwa ta ƙasar Kamaru: "Assalamu alaikum. Ni mai rubuta allon shaguna ne, ina kuma taɓa zanen mutane. Wata Hajiya ta turo min hoton 'yarta mai shekara 4 ta WhatsApp, muka daidaita a kan sefa 25,000. Kwana 9 na yi a kai. Da ta gani sai ta ce hancin ba na 'yarta ba ne. Na gyara sau biyu, yanzu ta daina ɗaga waya, kuma ko dala ban karɓa ba. Ina mafita?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Asarar nan ta faro ne tun ranar da ka jiƙa burushi ba ka karɓi kafin alƙalami ba. Tela in an bar masa riga, sai ya rataye ta a bakin shago wani ya saya. Kai fa, wa zai sayi fuskar 'yar wani ya kafa a falonsa? Hajarka mai saye ɗaya gare ta a duk duniya, don haka rabin kuɗi ya shigo kafin ka yanka kanbas, wato ƙyallen da ake zanen a kai. A turo ta asusun waya na Orange Money ko MoMo, saƙon da ya faɗo wayarka shi ne rasit. Ka sa kuɗin cirewa a lissafi, har da harajin kashi 0.2 cikin ɗari da Kamaru ta ɗora a kan turawa da cirewa tun 2022.

Sai batun kama, inda rigimar take. Uwa ba ta duba hoton da ta turo maka, yarinyar da take yi wa wanka kullum take nema a jikin zanen. Fuskar yaro kuwa ba ta da layukan da mai zane zai kama: ɗan tsawaita hanci ko ɗaga ido sama kaɗan, sai 'yar shekara 4 ta koma 'yar 10. Ga shi WhatsApp yana matse hoto ya zubar da ƙananan abubuwa. Ka ce a turo shi a matsayin fayil, a haɗa da wasu biyu da aka ɗauka da hasken rana. Ka fara da fensir, ka tura mata, kada fenti ya hau sai ta ce "na yarda" a saƙon murya. Gyara biyu na cikin ciniki, na uku da kuɗinsa, kuma tun farko za ka faɗa.

Farashin ma ka cuci kanka. Raba 25,000 gida 9, bai kai 2,800 a rana ba, ba a cire fenti da kanbas da firam ba. Da allon shago ka rubuta a kwanakin nan, nawa za ka samu? Daga nan ake fara yanka farashi. Kayan da ke shigowa ta Yola suna bin naira, sai ka sake lissafi duk sayayya. In lokacin hunturu ne, ka bar fentin mai, don yana kwanaki bai bushe ba ƙura ta manne masa; fentin akirilik, mai haɗin ruwa, kafin ka sha shayi ya bushe.

Af, ka tambaya ko maigidan ya san da aikin? Akwai gidajen da ba a rataya hoton mutum, kuma ba mamaki shirun Hajiya daga nan ne, hanci ya zama abin fakewa.

Kada fushi ya sa ka ɗora zanen a Facebook, ko da sunan talla ne. Fuskar yarinya amana ce, kuma Garwa ba ta da girman da maganar za ta ɓoyu. Ka nemi wanda ya haɗa ku, ko wata dattijuwa da take jin nauyinta, a ce mata ka sauko: ta biya kuɗin kaya da ɗan ladan wahala ta ɗauki abinta. Ka ba ta mako biyu. In shiru, shafe shi da farin fenti, kanbas ɗin zai ɗauki wani aikin.