Amsa kan asalin Kirsimeti: ranar 25 ga Disamba, bishiya da Baba Kirsimeti

Salama gare ku 'yan'uwa. Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce wani abokin aikinki ya gaya miki Kirsimeti bikin masu bautar rana ne aka sake wa suna, kina kuma so ki san inda aka samo ranar 25 ga Disamba, da bishiyar da ake rataya wa fitilu, da tsohon nan mai jan kaya da farin gemu, tun da yaranki sun fara tambaya. Na daɗe ina koyar da ajin manya a makarantar Lahadi, kuma ba Disambar da za ta wuce wannan magana ba ta taso ba. Abin da nake fara gaya wa ajin shi ne, al'adun nan ba rana ɗaya aka haife su ba. Kowace da shekarunta da ƙasar da ta fito, wasu ma ba su kai shekara 200 ba.

Mu fara da ranar, don nan ne gardamar take. Littafi Mai Tsarki bai faɗi rana ko watan da aka haifi Yesu ba. Markus da Yohanna ba su kawo labarin haihuwar ba sam. Matiyu da Luka sun kawo, sun ambaci Baitalami da zamanin sarki Hirudus da makiyaya, amma ba kwanan wata. Masu bi na farko kuwa hankalinsu yana kan mutuwarsa da tashinsa, shi ya sa Ista ta girmi Kirsimeti nesa ba kusa ba. Wani babban malamin ikilisiya a ƙarni na 3, Orijin, har cewa ya yi a cikin Nassi mugayen sarakuna irin su Fir'auna da Hirudus ne aka ga suna bikin ranar haihuwa. Wajen shekara ta 200, Kilemen na Iskandariya ya rubuta ranakun da mutanen Masar suke hasashe, akwai na Afrilu, akwai na Mayu, amma 25 ga Disamba ba ta ciki.

Shaida mafi tsufa ta bikin a wannan rana daga birnin Roma ta fito, a cikin wata kalanda da aka rubuta a shekara ta 354, wadda jerin ranakun da ke cikinta ya koma zuwa 336. Wato sai bayan shekara 300 da haihuwar. A gabas kuwa ranar 6 ga Janairu suke kiyayewa, suna haɗa haihuwa da baftismarsa a rana guda. Sannu a hankali ranar Roma ta bazu. Yohanna Kirisostom ya yi wa'azi a Antakiya wajen shekara ta 386 yana cewa bikin bai cika shekara goma da zuwa garinsu ba. Ikilisiyar Armeniya ba ta taɓa sakewa ba, har yau 6 ga Janairu take yi.

To me ya sa 25 ga Disamba? Bayani biyu ne a wurin masana tarihi, abokin aikinki ɗaya kawai ya kawo miki. Gaskiya ne Romawa suna da bukukuwa a wannan lokaci. Akwai Saturnaliya, daga 17 zuwa 23 ga Disamba, ana ci ana sha ana ba juna kyauta, har iyayengiji su kan yi wa bayinsu hidima a teburi. A kalandarsu kuma 25 ga Disamba ita ce ranar da yini yake fara ƙaruwa bayan ya kai maƙurar gajarta, sarki Aureliyan ya kuma gina wa gunkin rana haikali a shekara ta 274. Masu wannan ra'ayi suna cewa ikilisiya ta ɗora bikinta a kan ranar ne don ta janye mutane daga wancan.

Bayani na biyu lissafi ne, kuma ba a cika faɗinsa ba. Tun wajen shekara ta 200, Tartuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya rubuta cewa ranar 25 ga Maris aka gicciye Yesu. Daga baya ra'ayi ya kafu a ikilisiya cewa a ranar da ya mutu, a irinta aka ɗauki cikinsa, Agustin, babban malamin ikilisiya, ma ya rubuta haka. Ƙirga wata tara daga 25 ga Maris, ina kika sauka? Har yau Katolika da Anglikan suna tuna zuwan mala'ika Jibra'ilu wurin Maryamu a ranar 25 ga Maris. A gabas da suka ɗauki 6 ga Afrilu, wata tara ya kai su 6 ga Janairu daidai. Wannan dacewa ta ranaku biyu ita ta sa ni na fi ba lissafin nauyi. Ƙari a kan haka, Saturnaliya tana ƙarewa kafin 25, kuma rubutu mafi tsufa da ya nuna bikin rana a 25 ga Disamba yana cikin wannan kalandar ta 354 ɗin, gefe da gefe da na Kirista.

Amma kada mu wanke abin fiye da yadda yake. Mutanen da suka tuba a Roma sun shigo da halayensu na lokacin biki, shugabanni kuma sun sha fama da su. Paparoma Liyo na ɗaya, a tsakiyar ƙarni na 5, ya tsawata wa masu bi da suke juyawa su rusuna wa rana a kan matakalar majami'ar Bitrus kafin su shiga sujada. Masu wa'azi na lokacin suna kafa hujja da Malakai 4:2, inda aka yi maganar rana ta adalci, su ce wa jama'a wanda ya halicci ranar ake yi wa biki. Don haka idan abokin aikinki ya ce akwai cuɗanya, yana da gaskiya. Idan ya ce ranar ake bauta wa, waɗanda suka kafa bikin da bakinsu suka hana hakan.

Na taɓa zama maƙwabcin wani likita Bamisire, Kibɗawa ne su, wato Kiristocin Masar. Ranar 25 ga Disamba muka aika musu shinkafa da nama, matarsa ta karɓa da godiya ta ce su suna cikin azumi tukuna, ba sa cin nama sai 7 ga Janairu. Azumin nasu kwana 43 ne. Da ranar ta zo suka tafi sujadar dare, washegari ta aiko mana da tuwon shinkafa irin nasu da gurasa da romon nama a babban faranti. Bambancin na kalanda ne kawai. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya gyara tsohuwar kalandar Romawa, aka tsallake kwana 10, wasu ikilisiyoyin gabas ba su bi ba, yanzu tazarar ta kai kwana 13. Shi ya sa Masar da Habasha da Rasha suke yi a 7 ga Janairu.

Wasan kwaikwayon haihuwa da yaranmu suke yi a majami'a, shi ma yana da tushe. A 1223 Faransis na Asisi ya shirya komin dabbobi da ciyawa, da sa da jaki masu rai, a wani ƙauye da ake kira Girecciyo a Italiya, don talakawan da ba su iya karatu su gani da idonsu. Mu ma a ƙauyenmu haka ake yi. A ɗaura wa yara maza zanen uwayensu a kafaɗa, a ba su karan dawa a matsayin sanda, a jawo ɗan akuya na gaske yana ta kuka a gaban bagadi, 'yartsana kuma a cikin kwando. Sai dai ki lura, Matiyu bai ce masanan da suka zo daga gabas su uku ne ba, bai kuma ce sarakuna ne ba. Kyautai ne uku: zinariya da lubban da mur. Sa da jakin ma ba sa cikin Luka, daga Ishaya 1:3 aka ɗauko su.

Bishiya kuwa ta Jamusawa ce. A yankin Alsas, wanda yake cikin Faransa yanzu, a da can ana wasan Adamu da Hawwa'u a ranar 24 ga Disamba, ana kafa bishiya a rataya mata tuffa a matsayin itacen gonar Aidan. Wani rubutu na 1605 daga birnin Sitirasbog ya bayyana yadda ake kafa ta a cikin gida da furannin takarda da tuffa da alewa. A ƙasar da dusar ƙanƙara take rufe komai, itatuwa su kaɗe ganye ƙaf, irin wannan bishiya da ba ta rabuwa da kore dole ta burge mutane. Ta zama yayi a Ingila bayan wata jaridar Landan ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat, wanda Bajamushe ne, tare da 'ya'yansu a gindinta a 1848. Fitilun lantarki sun hau kanta a Amurka a 1882. Wasu suna kawo Irmiya 10 su ce an haramta ta, amma ki karanta surar duka, maganar sassaƙa gunki ake yi, wanda sai an ɗauke shi domin ba ya iya tafiya.

Labarin Baba Kirsimeti ne ya fi taɓa ni, domin an binne mutumin kirki a ƙarƙashin talla. Nikolas bishop ne na garin Mira, a kudancin Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4. Labarin da aka gada game da shi shi ne, wani talaka yana da 'ya'ya mata uku, ba shi da abin aurar da su, har yana gab da barinsu su faɗa mummunar hanya. Nikolas ya bi dare ya jefa ƙunshin zinariya ta taga, sau uku, don kada a san shi ne. Duk uban da ya taɓa kwana ba barci saboda kayan ɗakin 'yarsa ya san nauyin da aka sauke wa mutumin nan. Ranar tunawa da shi 6 ga Disamba ce, a ranar ake ba yara kyauta a Turai. Bayan gyaran ikilisiya na zamanin Matin Luta, wurare da yawa suka mai da ba da kyautar zuwa daren Kirsimeti. Mutanen Holan suna kiransa Sintakilas, a birnin Niyok na Amurka aka sake masa siffa a ƙarni na 19, aka ba shi keken da barewar ƙanƙara ke ja da buhun kayan wasa. Tallan Coca-Cola daga 1931 ya kafe hoton da muka sani a duniya, ko da yake an riga an sha zana shi da jan kaya kafin nan. Ni ba na gaya wa jikokina cewa wani zai shigo da dare ya ajiye musu kaya. Labarin 'yan matan uku nake ba su, sa'an nan mu zaɓi gidan da za mu kai wa abu ba tare da an san daga ina ya fito ba.

Ki kuma sani ba yau Kirista suka fara saɓani a kan bikin ba. Majalisar Ingila ta soke shi a 1647, sai 1660 ya dawo. A yankin Masacuset na Amurka an sa tarar sule biyar a 1659 ga duk wanda aka kama yana yi. A Sikotlan bai zama ranar hutu ba sai 1958. Dalilinsu shi ne babu umarni a Nassi, ga kuma shaye-shaye da ya yi yawa. A nan ƙasar ma akwai ɗarikun da ba sa yi, kuma ba na ganin laifinsu. Romawa 14:5-6 ta riga ta raba wannan gardama: wani yana ɗaukaka wata rana, wani yana ɗaukar dukan ranaku ɗaya, kowa dai ya tabbata a zuciyarsa, saboda Ubangiji yake yi.

Mu nan arewa bikin ya iso mana ne ta hannun 'yan mishan a farkon ƙarni na 20, ƙungiyar mishan ta SUM a Wase a 1904, ta CMS (ta Anglikan) a Zariya kafin su koma Wusasa, waɗanda suka kafa Ekklesiyar 'Yan'uwa (EYN) a Garkiɗa daga 1923, Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma ya fito a 1932. Sai ya faɗo daidai lokacin hunturu, an gama kaka, rumbu ya cika, ga ɗan kuɗi a hannu. Kakanninmu ba su san bishiya ba, ba su san Baba Kirsimeti ba. Ganyen dabino ake kafawa a ƙofar majami'a, a ja zare a liƙa takardu masu launi. 'Yan Zumuntar Mata su ɗinka anko, su fito da tulu da caki suna waƙa har gari ya waye, matasa su bi gida gida da fitila. Da safe a yanka abin da ya samu, yara su ɗauki kwanuka a kai zuwa gidajen maƙwabta Musulmi, su ma in Sallah ta zo su rama. Wannan duka namu ne, ba daga Roma ko Jamus aka kawo shi ba.

Game da bishiyar da yaranki suke roƙo, in kina da hali ki saya musu, ki gaya musu adon Jamusawa ne da ya zaga duniya. In babu hali kada ki ci bashi a kanta, kuɗin ya fi amfani a tukunya da ɗinkin yara. In kuma suka tambaye ki ko a ranar aka haifi Yesu, ki gaya musu kai tsaye cewa Littafi bai faɗa ba, ikilisiya ce ta zaɓi ranar a ƙarni na 4 don tunawa, sai ki buɗe musu Luka sura 2 ku karanta tare.