Ina Bishiyar Take a Zanen da Ba Ya Kama da Komai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hotunan wasu zane-zane da babu komai a cikinsu sai layuka da launuka, amma an ce daga bishiyoyi da teku masu su suka samo tunaninsu. Ni dai ban ga bishiya ba, ban ga ruwa ba. Yaya mai irin wannan zane yake aikinsa, kuma me ke sa shi barin siffar abu alhali ya iya zana ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Zan amsa miki da aikin Piet Mondrian, mai zane ɗan ƙasar Holan da aka haifa a garin Amersfoort a 1872, domin shi ya bar mana sawunsa a fili, kuma ana iya bin sa taki-taki daga bishiya ta sosai har zuwa layuka zalla.

Mondrian ya shafe shekaru yana zana gonaki da injinan iska da gaɓar kogin Gein kusa da Amsterdam, yadda duk wanda ya gani zai gane su, saboda haka ba rashin iyawa ne ya kai shi ga layuka ba. Tsakanin 1908 da 1910 ya zana wata bishiya a lokacin almuru, gangar jikinta ja, sararin bayanta shuɗi, kuma har a nan bishiya ce cikakkiya mai rassa da tsiraran ganyaye. A 1911 ya sake zana bishiya, amma ya janye launukan gaba ɗaya, ya bar baƙi da fari da ruwan toka, rassan suka zama lanƙwasassun layuka masu sarƙe da juna, kuma ya cika tsakankaninsu da fenti mai kauri har sararin da ke tsakanin reshe da reshe ya yi nauyi daidai da reshen kansa. Wannan shi ne matakin da na fi so ki lura da shi, domin a nan ne ya daina ɗaukar bishiya a matsayin abin da ke gaba, sarari kuma abin da ke baya. A 1912, shekarar da ya zauna a Paris yana nazarin aikin masu zane Picasso da Braque, ya zana bishiyar tuffa mai fure, wadda babu abin da ya rage a cikinta sai gajerun layuka masu baka-baka da ke bazuwa daga tsakiya. Duka ukun suna gidan adana zane na birnin Hague.

Kin ga ke nan aikinsa ragewa ne: yana kallon abu ɗaya sau da yawa, yana cire duk abin da idan aka cire shi bishiyar ba za ta rasa tsayuwarta da yanayin bazuwarta ba. Haka ya yi wa teku. Yaƙin duniya na farko ya tsare shi a Holan daga 1914, ya koma garin Domburg na bakin teku, inda jerin turakun katako ke shiga cikin ruwa don karya igiya, kuma a 1915 ya fitar da zanen da ba komai a cikinsa sai gajerun layuka baƙaƙe, na tsaye da na kwance, a kan fari. Na kwancen suna ɗauke da shimfiɗar ruwa da ƙyallinsa, na tsayen kuma da ke taruwa a ƙasan zanen suna ɗauke da turakun. Abin bai yi nisa da aska takwas ta babbar riga ba, wadda babu mai neman ganin ƙota ko kaifi a jikinta, amma tsini da tsawon askar suna nan.

Dalilinsa kuwa na aƙida ne. Ya shiga ƙungiyar Tiyosofi, ta masu neman ɓoyayyar gaskiya ta ruhaniya, a 1909, kuma ya yi imani cewa a ƙarƙashin siffofin da ke sauyawa akwai tsari tabbatacce, wanda daidaito tsakanin tsaye da kwance yake bayyanawa. Ba dole ne mutum ya karɓi wannan aƙida ba kafin ya yarda cewa da gaske yake, domin a shekarun 1920 zanen furanni yake sayarwa ya ci abinci, layukan kuwa kaɗan ne masu saye, amma bai bar su ba.

Daga wajen 1921 ya taƙaita kansa ga layuka baƙaƙe da ja da rawaya da shuɗi da fari da ruwan toka, kuma ba da lissafi yake sanya su ba, da ido yake gwadawa, ya goge, ya matsar da layi, ya sake dubawa. A New York, inda ya rasu a 1944, tef ɗin takarda mai launi yake mannawa a kan ƙyallen yana ɗagawa har sai wurin ya kwanta masa. Idan za ki sake duba aikinsa, ki jera bishiyoyin nan uku bisa shekarunsu, sannan zanen teku na 1915, kafin ki kai ga zane-zanensa na baya-bayan nan masu murabba'ai.