Amsa ga mai son haɗa barbarar kyanwa mai lanƙwasasshen kunne

'Yar'uwa, kin tambaya ko akwai laifi idan kika haɗa kyanwarki mai lanƙwasasshen kunne, irin da ake kira Scottish Fold, da namiji domin ki sami 'ya'ya masu kama da ita, tunda mutane suna ta nema. Zan ba ki amsa ne da abin da idona ya gani, domin na riƙe irin wannan kyanwa har shekara shida.

Lokacin da ta zo hannuna lafiyarta ƙalau, kuma wanda ya ba ni ita bai ce mini komai ba game da ciwon da ke tattare da irinta. Tana cika shekara biyu sai ta daina hawa taga inda ta saba shan hantsi. Takan tsaya a ƙasa ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta juya. Jelarta ta yi kauri ta sanƙare, idan aka taɓa sai ta zabura. Tana yawan zama kamar mutum da ƙafafun baya a miƙe, ni kuwa ina ɗaukar hakan a matsayin abin sha'awa, ashe sauƙi take nema wa gaɓoɓinta. Da likitan dabbobi ya ɗauki hoton ƙashi, ya nuna mini yadda ƙashi ya tsiro ya tokare gaɓar dunduniyarta, ya kuma ce mini ciwon ba ya warkewa, sai dai a riƙa rage mata zafi.

Dalilin shi ne lanƙwasar kunnen nan ba ado ba ce, nakasa ce ta guringuntsi, kuma nakasar ba ta tsaya a kunne ba, tana taɓa ƙafafu da jela. Irin ya samo asali ne daga wata kyanwa guda da aka gani a wata gona a Sikotilan a 1961. Za a gaya miki cewa idan kika haɗa ta da namiji mai miƙaƙƙen kunne babu matsala. Gaskiya ne cewa haɗa masu lanƙwasa biyu ya fi muni ƙwarai, amma ko ta ɗayar hanyar kusan rabin 'ya'yan za su gaji nakasar, kuma su ne daidai waɗanda masu nema suke so.

Haka lamarin yake a wajen karnuka masu dakakkiyar fuska irin su pug da bulldog, waɗanda minsharinsu yake burge mutane alhali wahalar numfashi ce. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, saboda haka gajarta masa hanci babbar cutarwa ce a lokacin zafi, kuma mafi yawan bulldog na Ingila sai da tiyata ake haihuwarsu saboda girman kai. A 2019 ƙasar Holan ta fara tilasta ƙa'idar hana haɗa barbarar karen da tsawon hancinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na kansa ba.

Ban ce zaɓen kyau haramun ne ba. Wanda ya zaɓi launi ko laushin gashi a cikin lafiyayyun dabbobi bai cuci kowa ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne siffar da dabba za ta biya da numfashinta ko tafiyarta, domin ita ba a yi shawara da ita ba, kuma kyanwa tana da ɓoye ciwo har sai ya yi nisa.

Shawarata ita ce ki kai ta a yi mata aikin hana haihuwa, ki roƙi likita ya duba gaɓoɓinta tun yanzu, kada ki bari ta yi ƙiba, kuma ki ajiye mata ɗan matakala a duk inda take son hawa. Tawa da na yi mata haka ta koma kan tagarta.