An canza tiyo, warin gas ya ƙi barin mota

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Motata mai shan gas ce, wato dizal. Makon jiya ɗan siririn tiyon nan da ke kwashe ragowar mai daga kan nozul ya mayar tanki ya tsage, ban ankara ba sai da na yi kwana uku ina yawo da ita a haka. An canza tiyon, amma har yau saman injin jagab yake, kuma da na kunna fanka sai wari ya cika mota, har maiɗakina ta ce kanta ke ciwo in ta shiga. Wani abokina ya ce in wanke da fetur, wani ya ce in kai wurin wankin mota a sa mata injin feshi. Wanne zan ɗauka?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye duka biyun.

Wanke gas da fetur gudu ne ba tsira. Tururin fetur yana kama wuta ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, shi kuwa gas sai ya ɗumama ya haura digiri 52 kafin tururinsa ya kama. Sufana ta taɓa kan batir ta yi tartsatsi sau ɗaya, magana ta ƙare. Amma kada wannan ya sa ka raina gas ɗin. In ya kai wajen digiri 210 da kansa yake kamawa ba tare da tartsatsi ba, kuma tobo, wato na'urar da ke ƙara tura wa inji iska, da bakin salansa inda ya haɗu da inji suna wuce haka nesa ba kusa ba. Shi kuma injin feshi, ƙarfinsa ne matsalarsa: yana cusa ruwa cikin soket ɗin wayoyi da altaneta, ka shiga da wari ka fito da wutar gargaɗi a dashbod.

Abin da ya fi damuna da gas shi ne ba ya bushewa da wuri kamar fetur. Maiƙo ne, yana kwantawa ya tara ƙura, yana cin robar da ba don mai aka yi ta ba. An taɓa kawo mini wata mota wata biyu bayan irin wannan yoyon. Mai ita ya goge saman injin tas, yana ƙyalli, amma da na sa hannu ƙasa na matsa tiyon lagireto, sai na ji ya kumbura ya yi taushi kamar soso, fambel kuma gefensa ya fara zarewa. Abin da ido ke gani ya wanke, gas ɗin kuwa yana can ƙasa yana aikinsa.

To ga yadda nake yi. A bar inji ya huce sarai, a fili mai iska. A cire wayar batir, ta nagetif tukuna. A shimfiɗa kwali ko faranti mai faɗi a ƙarƙashi, a barbaɗa yashi ko dusar katako. Kafin ɗigon ruwa ya taɓa wurin, a bi da tsumma a tsotse duk inda gas ya kwanta, musamman ramukan da ke kewaye da nozul, domin nan yake taruwa. Mutane nan suke yin gaggawa, alhali rabin aikin ke nan. In ka zuba ruwa a kan gas ɗin da ba a tsane ba, ka raba shi ne kawai zuwa inda da bai kai ba.

Sannan a ɗaure leda a kan altaneta, akwatin fiyus, ƙwaƙwalwar mota da bakin da inji ke shaƙar iska. A fesa maganin cire maiƙo wanda ake sirkawa da ruwa, in babu, sabulun wanke-wanke na ruwa a ruwan ɗumi ya wadatar. A ba shi minti 5 zuwa 10, kada dai ya bushe a jiki, a cuɗa da burushin fenti, lunguna kuma da tsohon burushin haƙori. Ɗauraya da ɗan ruwa kaɗan-kaɗan, irin zubin buta. Sau biyu ko uku ake yi, sau ɗaya ba ya fitarwa. Sa safar hannu, gas yana busar da fata har ta tsattsage. Ruwan wankin kuma kada ya gangara kwata ko titi, santsinsa yana kayar da masu babur.

Warin da ke damun uwargida, ina kyautata zaton ba daga ƙarfen injin yake ba. Duba bargon nan da ke manne a cikin bonet, da soson da ke ƙarƙashin murfin roba na saman inji, da farantin da ke rufe inji ta ƙasa. In sun sha gas sosai, ni ban taɓa ganin wanki ya raba su da shi ba, canzawa ake yi. Fanka kuma daga gindin gilashin gaba take jan iska, dab da inji, don haka a wanke wurin, a sauya filtar iskar cikin mota. Fambel in ya jiƙe a canza shi. In injinka mai tayimin bel ne, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul, sa bakanike ya buɗe murfinsa ya leƙa, domin tsinkewarsa tana iya sa fistin ya doki bawul.

Bayan komai ya bushe, a cire ledojin, a mayar da batir. Kafin ka tayar, barbaɗa farar hoda a gindin nozul da mahaɗar tiyo da kan filtar mai, ka bar injin ya yi aiki kamar minti 15. Inda hodar ta yi duhu, da sauran yoyo. Da ido za ka duba, kada ka kuskura ka lalubi bututun ƙarfe da yatsa inji na aiki. A injinan zamani ƙarfin man da ke cikinsu yana kaiwa 2,000 a ma'aunin matsi na "bar", tsirin man da bai kai kaurin gashi ba yana huda fata ya shige nama. Wanda hakan ta same shi ya nufi asibiti nan take, ko da ramin bai fi na allura ba.