Yankan gamba har ƙasa: ƙara mata toho yake yi ko kashe ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan fili a bayan gari inda na dasa gamba saboda ragunan da nake turkawa. Shekara biyu ina yanka ta da lauje har ƙasa duk bayan mako uku a damina, tana ta toho. Bana kuwa ta yi rauni, tsakiyar wasu gindin ya bushe, ciyayin banza sun cika tsakani. Maƙwabcina ya ce in ƙara sassaɓe ta ƙasa-ƙasa don ta fito da sabon toho. Shin haka ne? (Mai karatu daga Giwa, Jihar Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka yi haƙuri, kada ka bi shawarar maƙwabcinka. Na san inda ya samo ta: idon tohon ciyawa irin gamba yana can ƙasa dab da turɓaya, shi ya sa ko an ƙone ta ko an kiwace ta sai ka ga ta sake fitowa kore shar. Amma tohon nan da kake gani bashi ne take ci.

Ganye shi ne madafar shuka. A nan take haɗa abincinta da hasken rana, abin da ya yi rara ta tara shi a gindin kara da saiwa. Ranar da ka kwashe ganyen duka, ba ta da inda za ta girka, sai ta buɗe rumbu ta fito da sabon ganye da abin da ta ajiye. In ka ba ta lokaci za ta mayar da abin da ta ɗiba. Kai kuwa kana dawowa da lauje bayan mako uku, kafin ta biya. Shekara biyu rumbun ya ɗauke ka, bana ya ƙare.

Ɓarnar da ta fi yawa ma a ƙarƙashin ƙasa take. A 1955 wani masani a ma'aikatar noma ta Amurka, Franklin Crider, ya wallafa gwajin da ya yi: ya riƙa yanke ganyen ciyawa kashi-kashi yana duba saiwarta. Muddin abin da ya cire bai wuce kashi 40 cikin 100 ba, saiwa ta ci gaba da girma. Daga rabi zuwa sama ta fara tsayawa, da ya kai kashi 80 zuwa 90 sai saiwar gaba ɗaya ta daina girma na kusan mako biyu ko fiye. Da aka maimaita yankan a kai a kai, abin ya ƙara muni. Ka auna wannan da naka: kana yanka har ƙasa duk kwana 21, wato saiwar na kwashe galibin damina a tsaye. Gamba kuwa da zurfin saiwa take jure watannin rani, shi ne kuma ke sa ta riga sauran ciyayi toho da ruwan farko. Ka gajarta mata saiwa, ka raba ta da makaminta.

Ga abin da zan ce ka yi. Ka ɗaga laujenka, ka bar mata kututture kamar taƙi guda, santimita 15 zuwa 20, da ɗan koren ganye a jiki. Ganyen nan da kake ganin asara ne, shi zai fara aiki tun washegari, ba sai ta taɓa ajiyarta sosai ba. Sannan ka bar tazarar mako shida tsakanin yanka da yanka. Na san raguna ba sa jiran mako shida, don haka ka raba filin gida shida, kowane mako ka shiga ɗaya. Kafin ka zagayo, na farkon ya huta.

Kada kuma ka ce tunda haka ne bari in ƙyale ta. Gamba in ta wuce wata biyu ba a taɓa ta ba sai ta yi kara, ganyen ƙasa ya bushe a inuwa, sinadarin gina jiki ya ragu, raguna su tsinci ganye su bar maka sanda. A lokacin ta fi dacewa da mai saƙar zana.

Yankan da na fi jin tsoro shi ne na ƙarshen damina. Wanda ya aske gamba har ƙasa a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba ya tura ta rani hannu wofi, don babu sauran ruwan da za ta farfaɗo da shi. Ka yi yankanka na ƙarshe da saura 'yan makonni ruwa ya ɗauke, ka kuma bar kututture mai ɗan tsayi. Haka tohon farko na bazara, a bar shi ya kai gwiwa kafin a shiga.

In wata rana ka sako dabbobi cikin filin, ka tuna bakinsu ba ɗaya ba ne. Saniya da harshe take naɗo ciyawa, ba ta iya kai wa ƙasa sosai. Tunkiya da leɓe da haƙori take gutsura har turɓaya, kuma sabon toho take bi, don haka ta fi lauje ɓarna in ta daɗe a wuri guda.

Game da filinka na yanzu: gindin da tsakiyarsa ya bushe amma gefensa na da rai zai iya dawowa. Ka ɗauke masa lauje sauran daminar nan, ka cire ciyayin da suka shiga tsakani, ka zuba takin ragunan naka, tunda duk damin da ka fitar ya tafi da abincin ƙasa. Inda ya mutu ƙurmus, ka tsaga gindi mai ƙarfi ka dasa idan ruwa ya zauna baɗi. In akwai kyasuwa a gefen filin, ita lissafinta daban: shekara guda take yi ta mutu, da iri take dawowa, don haka ka bar wani yanki ya yi fure ya zubar da iri kafin ka yanka.